Usta Mirgani da Injin Masu Albasa

Ranar da Tajussir zai tafi haƙar zinare, ubansa Usta Mirgani da faɗa ya tashi. Ya yi faɗa da buta, ya yi faɗa da akuya, ya ce gahawar da Hajja Batul ta dafa masa ruwan wanki ce. Ita dai ta san ba gahawa ke cin mijinta ba. Jakar ɗansu ce, jingine a bakin ƙofa, tana jiran motar da za ta zo bayan la'asar ta kwashi samari zuwa hamada.

Usta Mirgani ɗan reluwe ne gaba da baya. Kakansa na cikin waɗanda suka shimfiɗa dogo tun Atbara tana ƙaramin ƙauye a inda koginta ke faɗawa cikin Nilu. Shi kuwa a sashen zubin ƙarfe na ma'aikatar jiragen ƙasa ya yi furfura har ya zama usta, wato babban gwanin sana'a, zamanin da jiniyar safe ke tashin gari, kekunan ma'aikata su cika titi har kaza ba ta samun wurin ƙetarawa. Sai manyan motoci suka ƙwace dakon kayan tashar ruwa ta Bur Sudan, jirage suka yi ta kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Samari wasu suka koma kamfanin siminti, sauran suka bi ramukan zinare, inda ƙasa kan rufta da mutum a bar shi nan.

Shi dai Usta bai yarda an mutu ba. Kullum zai goge kakinsa ya tafi kulob ɗin tsofaffin ma'aikata, su zauna suna yi wa juna albishir cewa baɗi za a ɗebi sababbin hannu. Da wannan baɗin ya riƙe Tajussir shekara da shekaru. Ya koya masa zubi tun yana ƙarami, amma da yaron ya ce a ba shi kayan aiki ya buɗe rumfa yana yi wa manoma gyara, sai tsohon ya kulle akwati ya rataya makulli a wuya.

"Hannun da aka raina don kan jirgi, shi zai koma bautar masu albasa? Ba dai da raina ba."

To, ga inda ran nasa ya kai su. Tsoron ramukan nan yake ji wa ɗansa, girman kai kuma ya hana shi faɗa.

Da hantsi sai ga Awadalkarim, ƙanen Hajja Batul, ya haye daga tsallaken Nilu inda yake noma, rungume da wani abu cikin buhu. Ya zazzage shi a tsakar gida. Farfelar injin ban ruwa ce, ta tagulla, ta rabe biyu.

"Ina kwana, manyan reluwe? Jirgin bai iso ba har yanzu?"

"Ka shigo mana da warin albasa," in ji Usta. "Batul, ba wa ƙanenki wake ya ci ya tafi."

"Waken zan ci, tafiyar ce babu." Awadalkarim ya juya wajen Tajussir, wasan ya bar fuskarsa. "Ɗana, kogi ya ja baya, shukata ta fara kwanciya. Mai kayan inji ya ce sai an aiko daga Kartum, ran da Allah ya yi. Ba ni kaɗai ba ne kuma. Ka bi gaɓar nan ka ga injuna a mace, masu gyaran duk zinare ya kwashe."

Tajussir ya tsuguna, ya haɗa ɓarin biyu, ya shafa bakin karayar da yatsa. Uban yana kallonsa ta wutsiyar ido, ya ga yadda fuskar yaron ta sake, abin da rabonsa da gani tun bara.

"Da za ta zubu, Kawu. A ɗaure wannan a danna a ƙasa ta bar gurbinta, a narka tagulla a zuba." Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Amma ba ni da kaya. Kuma ni matafiyi ne."

Bai dubi ubansa ba. Wannan rashin duban ya fi zagi ciwo.

Hajja Batul ta dire tiren wake da man riɗi. "Ku ci," ta ce. "Wanda ke jiran jirgi ma sai ya ci, don jiran da nisa."

Usta ya tashi fuu kamar zai bar musu gidan. Ya ja kekensa ya fita, ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Ya bi ta unguwar tsofaffin gidajen Turawa, ya wuce taragun da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, ya gangara mahaɗar koguna. Kogin Atbara ya gama haukansa na damina, ya koma tafkuna nan da can, ya bar baƙar laka da ya ɗauko tun daga duwatsun Habasha. Gefe guda ga lallausan yashin Nilu. Nan ubansa ya fara kawo shi, ya nuna masa yadda ake gauraya su biyun har ƙasa ta riƙe siffa ba ta fashe ba. Ya tuna ranar, ya kuma tuna cewa uban nan nasa bai taɓa kulle masa komai ba. Kunya ta kama shi, shi kaɗai a bakin ruwa. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wandon kakin da ya sha guga, ya shiga laka.

Da ya dawo, buhu biyu ne a bayan keken, shi kuma ya yi dumu-dumu har gwiwa. Awadalkarim ya buɗe baki zai yi tsiya, yayarsa ta harare shi ya haɗiye. Usta ya ciro makullin daga wuyansa ya jefa gaban ɗansa.

"Ba don albasa ba," ya ce. "So nake in ga ko ka manta."

Bai manta ba. Kafin azahar an haƙa murhu a bayan gida, an cika shi da gawayi, Awadalkarim ya bi maƙwabta ya tattaro matattun kawunan famfo na tagulla. Tajussir ya durƙusa kan akwatin zubi yana daka ƙasa a hankali. Sau biyu uban ya buɗe baki zai gyara masa, sau biyu ya ga babu abin gyarawa. Da ya rasa abin yi, sai ya zauna ya kama zugazugi, aikin da rabonsa da shi tun ba shi da gemu.

Labari ba ya kwana a Atbara. Kafin tagulla ta yi ja, wani manomi ya leƙo da tasa farfelar a hannu, wani kuma ya aiko tambaya ko ana duba injin da ke shan mai. Tsofaffin kulob biyu suka zo kallon abin kunya, suka ɓuge da gardamar yawan yashin da ya kamata a sa.

Ana idar da la'asar aka ji hon ɗin motar samarin a ƙofar gida.

"Tajussir! Ka fito, yamma na yi!"

Hannun Usta ya tsaya cak a kan zugazugi. Ya so ya ce kada ka tafi, ya so ya ce na yi kuskure, amma bakin da ya saba ba da umarni bai iya roƙo ba. Ya dai zuba wa ɗansa ido.

Tajussir ya leƙa kaskon narka tagulla, ya dubi mutumin da ke tsaye da karyayyar farfela, ya dubi laka da ta bushe a ƙafafun ubansa.

"Kawu, ka ce musu su tafi, Allah ya kiyaye hanya." Ya ɗauki awartaki. "Baba, wa ya ce ka tsaya? Wuta na mutuwa."

Tun da Usta Mirgani ya zama usta ba wanda ya taɓa daka masa tsawa a bakin wuta. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

"To, ranka ya daɗe," ya ce, ya ci gaba da zuga.