Taku Arba'in Daga Oba-oba

Salamu alaikum mutanena, 'yan gidan Ɗayyabu Mai Baki. Na san kun ji ni shiru kwana biyu, har wani ya rubuto wai ko aure aka yi mini amarya ta ƙwace waya. Ba aure ba ne, malam. Ku gyara zama in ba ku labari, amma wanda ya zo don dariya ya yi haƙuri, kaɗan zai samu yau.

Ga waɗanda ba su sani ba, a wani kamfanin fasa dutse nake aiki, tsakanin Kazaure da Roni. Kar ku ɗauka wani babba ne ni, jan ƙyalle nake riƙewa. In za a tashi nakiya ni ke tsare hanyar yamma, abokina Ahmad ya tsare ta gabas, kar mutum ko dabba su shigo. Kowa da oba-obarsa, irin mai nauyin nan da in ka rataya a ƙugu sai wandonka ya fara yi maka sallama.

Bana sai Oga Barnabas, wanda shi ke danna nakiyar, ya kawo mana wani ɗan makirfo marar waya, bai fi akwatin ashana biyu ba. Ka maƙala a kafaɗa, ka danna gefensa ka yi magana, ta nan kuma za ka ji amsa. Ranar har hoto na ɗauka, sai ka ce ɗan sandan filin jirgi.

Oga ya ce, "Ɗayyabu, zo nan, don na san kanka. Wannan abin baki ne da kunne kawai. Uwarsa ita ce oba-obar da ke ƙugunka. Ka yi nisa da ita taku arba'in, ya zama dutse."

Na ce, "Haba Oga, ni da har yau a zauren gidanmu nake kwana? Ai ban iya nisa da uwa ba."

Aka yi dariya. Ba a yi sati ba na fara rataye oba-obar a hannun babur, ina yawo da ɗan makirfon kawai.

Yanzu ku ji tsarinmu, don a nan maganar take. Ƙarfe biyu ake tashin nakiya, bayan azahar, kullum. Za a busa jiniya na minti ɗaya, sannan Oga ya tambaya sau uku, "Gabas, yamma, akwai magana?" In babu matsala, shiru za ka yi. Da can kowa amsawa yake, muryoyi su cakuɗe ba a jin ta kowa, shi ne aka ce mai matsala kaɗai ya yi magana. In ya ji shiru sai ya riƙe madannin oba-obarsa ya ƙirgo daga ashirin zuwa ɗaya, ya danna nakiya.

Akwai wani dattijo makiyayi, Baffa Haladu, rugarsu na bayan dutsen. Kunnensa ya yi nauyi shekara da shekaru, ko jiniyar ba ya ji. Amma ya riƙe lokacinmu fiye da mu. Kullum kafin azahar zai ratsa kwazazzabon da ke ƙasan wurin fasawar da shanunsa bakwai, ya kai su ruwa, ya biyo ta wajena ya tsokane ni da ƙarfi kamar muna faɗa.

"Ɗan nan, wannan ƙwaron na kafaɗarka bai cije ka ba har yanzu?"

Ni ma in ɗaga murya, "Baffa, shi ke ci da ni!"

Sai ya yi dariya ya wuce, ko ya ji ko bai ji ba, oho.

Ranar Laraba, wajen sha biyu da rabi, an riga an cusa nakiya a ramuka, sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Babura. Ba a barin nakiya a rami ana tsawa. Oga ya sanar ta oba-oba cewa an dawo da lokaci, yanzu za a tashi.

Ban ji ba. Ina can kan wani dutse ina neman sabis, in ɗora muku bidiyon Ahmad yana kokawa da ɗanwake. E, ku ɗin nan. Tun ina hawa makirfon ya yi 'yar ƙara alamar ya rabu da uwarsa, na ce ai da sauran awa ɗaya da rabi.

Kawai sai na ji jiniya.

Na leƙa ƙasa. Ga Baffa Haladu a tsakiyar kwazazzabo, sanda a kafaɗa, shanu a gaba, yana tafiyarsa a natse. Abin da ke ci na har yau, da ina tsaye a inda aka ajiye ni, ba zan ma hango shi ba. Daga kan dutsen nan kaɗai ake ganin wurin.

Na danna makirfo. "Oga, tsaya! Akwai mutum!" Jar fitila kawai ke ƙiftawa. Na ƙwala wa Baffa kira har maƙogwarona ya tsage, ina kaɗa jan ƙyalle, ya ba ni baya. Jiniya ta ɗauke. Na san yanzu Oga na tambaya, gabas, yamma, akwai magana, kuma shirun da nake yi yana ce masa lafiya lau.

Baffa na gabana kamar taku ɗari biyu, gangare da tsakuwa. Babur na bayana taku ɗari da 'yan kai. Na juya wajen babur. Na zame na ƙuje gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi, ban tsaya ba. Ina shiga taku arba'in ɗin nan makirfon ya farfaɗo, muryar Oga ta fito a kafaɗata ras, "Sha uku, sha biyu..."

Na danna ina ihu. Amma ita oba-oba, wanda ya riƙe madanni yana magana ba ya jin kowa. Na saki, na ji "bakwai". Na sake dannawa, na kira sunansa, na kira sunan Allah. Na saki, na ji "biyu".

Ƙasa ta girgiza.

Kafin ƙura ta lafa ruwa ya kece. Ni na fara isa. Shanu biyu a kwance, sauran sun watse. Wani dutse kamar tukunyar tuwo ya sami Baffa a ƙugu. Idonsa biyu. Na tallabo kansa, ya dube ni ya ce a hankali, karo na farko da na ji ya yi magana ba da ƙarfi ba, "Ɗan nan, an yi azahar ne?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "To. Na ɗauka ni na makara."

A motar kamfani muka ɗauke shi, ba mu kai Kazaure da shi ba.

Da muka dawo na tarar da Oga Barnabas zaune a kan taya, ruwa na dukansa. Ya ce, "Sau uku na tambaya, Ɗayyabu."

Na ce, "Oga, makirfon ne ya ƙi."

Ya dubi ƙuguna, ya dubi babur inda oba-obar ke rataye tana jiƙewa. Har yau bai faɗa wa kowa ba. Ni ne yau na faɗa.

An canja tsari. Yanzu sai kowa ya amsa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, shiru kuma yana nufin a dakata. Shanu biyar ɗin da suka rage, Musaddiƙ ɗan Baffa ke bi da su ta wata hanya mai nisa, in ya gan ni ya gaishe ni, har ya ce an gode da ɗawainiyar da na yi da Baffa.

Na koma kan dutsen nan sau huɗu ina ƙirga taku. Wataƙila da na gangara zan iya ture shi bayan wani dutse, wataƙila kuma gawa biyu za a ɗauko. To ku da kuke da bakin sharhi, da ku ne a sama, jiniya ta ɗauke, tsoho a gaba, babur a baya, ina za ku nufa?