Wadda Za Ta Tsaya Kusa da Baba

Tun da idon Baba ya yi rauni ni nake yi masa karatu. Ina dawowa daga aiki zan ja kujerar roba kusa da tasa, in buɗe kwamfuta. Malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, ni kuma ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wasannin kwamfuta, shi ya sa yake kirana Injiniya.

Ni na kawo masa maganar masanan da ke ganin wataƙila duniyar nan, da taurarinta da mu kanmu, shiri ce da ke gudana cikin wata ƙatuwar kwamfuta. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in maimaita. Na ba shi misalin aikinmu: ba ma zana gari duka, sai inda mai wasa ya kalla, abin da ke bayansa a kashe yake. Mama ta leƙo daga kicin ta ce a gaya wa mai kwamfutar famfonta na yoyo. Baba ya ce ko da kwamfuta ce, ai akwai Wanda ya halicci mai ita.

Da tsohuwar makarantarsa ta gayyace shi lacca, wannan batu ya zaɓa. Tare muka rubuta. Dole wani ya tsaya kusa da shi ya karanta, shi kuma ya yi bayani. Ban tambaya ba, don na ɗauka ni ce. Har takalmi na saya.

Sai Auta ta dawo hutu daga jami'a. Lauya take karanta, kuma ita ko gaisuwa ta yi sai an juyo. Ta ɗauki takardun a kan tebur tana karantawa da wasa, tana yawo a falo, cokali a hannu. Da ta zo kan misalina sai ta juya da sauri, wai za ta kama bango kafin a kunna shi. Baba ya tafa. Ni da na faɗa masa, kai kawai ya gyaɗa.

Ya ce shi ke nan, an sami mai karatu. Injiniya sai ta zauna a baya ta riƙa canza hotunan da za a nuna a allo.

Na tattara kofuna na kai kicin, na wanke har waɗanda ba a sha komai da su ba. Sannan na dawo na tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ni nake so in karanta."

Ya ce to, in gwada a tsaye. Jimlolin da ni na rubuta su suka riƙa harɗe mini. Mama ta ce in ɗaga murya, ba gulma nake yi ba.

Auta ta dube ni, ta ajiye cokalin.

"Baba, bar wa Yaya. Aikinta ne. Ni dama ranar ina da wurin zuwa."

Ba ta da wurin zuwa, kowa ya sani. Da ma gardama ta yi, da na san yadda zan yi da ita.

Baba ya murza hannun tabarau. Ya ce ba laifi, Injiniya za ta karanta. Sai ya juya wajen da ya ji muryar Auta.

"Amma dai za ki zo, ko? Ki zauna a gaba, inda zan ji ki."