Kuncin Hagu

Wata uku na yi a kan fuskar Mama. Ni mai zane ce, da fenti da burushi nake cin abinci, kuma ina da girman kai a kan sana'ata, ba na ɓoyewa. Wannan zanen shi za a rataye a babban bangon wurin baje kolina na farko, motar ɗaukarsa za ta zo ranar Laraba. Amma ra'ayin masu kallo bai dame ni ba. Mutum ɗaya nake so ya tsaya a gabansa ya ce ita ce.

Mama ba ta son hoto. Da ta ga an ɗaga waya sai ta kare fuska da gefen mayafi. Bayan rasuwarta muka tarar da guda ɗaya tak a wayarta, wanda ta ɗauki kanta a kicin, wataƙila tana gwada wayar ne. Shi na buga babba na manna a gefen allon zane, ina kallonsa safe da yamma har na haddace shi.

Ranar Litinin da hantsi na ɗauko Baba. Tsohon tela ne, idonsa ya fi tef ɗin awo. Ya hau matakalar ɗakin aikina yana mita, wai warin fenti zai ƙarasa masa ƙirji. Na zaunar da shi, na yaye ƙyallen da na rufe zanen da shi.

Ya daɗe yana kallo.

"Ɗinkin wuyan rigar nan ya fita," in ji shi. "Har zaren kin nuna."

"Baba, fuskar fa?"

"Kyakkyawa ce, Auta. Kin yi ƙoƙari."

Kin yi ƙoƙari! Abin da ake faɗa wa yaron da ya zo na ashirin a aji. Baba bai iya ƙarya ba, idan ya gwada sai ya riƙa shafa gwiwa, kuma ga shi nan yana shafawa. Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa shekara goma na yi ina koyon wannan aiki, na auna tazarar idanu, na auna hanci, babu inda na kuskure. Ya ce shi bai ce na kuskure ba. Wannan ya ƙara tunzura ni.

Mu masu zane muna da wata dabara. Idan ido ya saba da aiki har ya daina ganin laifinsa, sai mutum ya juya wa zanen baya ya kalle shi ta madubi, nan take karkatacce yake fitowa. Na fizgo madubin daga kan tebur don in tabbatar wa kaina ba ni da laifi. Na juya, na ɗaga shi. Baba yana zaune a gefena, shi ma idonsa ya faɗa ciki.

Sai na ji ya kama min hannu.

"Tsaya. Kar ki motsa."

Muryarsa ta canza. Ya matso da kujera, ya karɓi madubin da hannu biyu.

"Ga ta nan," ya ce a hankali. "Haka take ɗaga girar nan idan na ce na ƙoshi alhali ban ci ba."

A nan na gane. Idan mutum ya ɗauki kansa da waya, wani lokaci wayar kan juya hoton, dama ta koma hagu. Tawadar Allah da ke kuncin Mama, girar da take ɗagawa, gefen bakin da yake fara murmushi, duk na kai su ɗaya ɓangaren. Na auna komai daidai, a kan fuskar da ba wanda ya taɓa zama a gabanta.

Kuskuren bai yi min zafi kamar abin da ke ƙarƙashinsa ba. Wata uku ina ɗiga wannan tawada a kuncin dama, ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce min a'a ba. Na zauna a ƙasa cikin ɗigon fenti na fashe da kuka.

"Baba, na manta. Shekara biyu kacal, na manta kuncin da take."

Bai ce min in yi haƙuri ba. Ya ajiye madubin a cinyarsa, ya sa babban yatsa a kuncina na hagu, ƙasa da ido kaɗan.

"Nan. Ke shekarunki nawa a gabanta, kina ta yawon makaranta? Ni arba'in da ɗaya na yi ina kallon wurin nan. Raba aiki aka yi, ke hannu, ni ido."

Fuska ba riga ba ce da za a juya ta ciki waje. Sai dai a fara daga farko, kuma kwana biyu ba za su isa ba. Na kira matar da ke shirya baje kolin na ce babban zanen ba zai zo ba. Ta ce bangon zai zauna fayau, mutane za su yi magana. Na ce su yi, baki nasu ne. Na kashe wayar, ina sane cewa irin wannan dama ba kullum take zuwa ba.

Na ciro hoton daga gefen allo na sa a aljihun tebur. Na kafa sabon ƙyalle fari, na ɗauki gawayi na fara fitar da zagayen fuska. Baba, mai ƙorafin warin fenti, ya cire takalmi ya gyara zama.

"Haɓar ta fi haka faɗi. Yauwa. Girar kuma ɗaga ta."

Da na zo kunci sai na tsaya, gawayin yana sama.

"Sauko kaɗan," in ji shi. "Kaɗan dai. Tsaya nan."

Na ɗiga. Da na waiwaya, ya jingina da kujera yana kallon ƙyallen, fuskar ko ido ba ta da shi tukuna.

"Sannu da zuwa," ya ce.