Abin da Dutsen Ya Rubuta

"Ba a rubuta shi," in ji mai gari Na'iya. "Ƙasata ba ta motsa ba."

"Ranka shi daɗe, ba waccan ƙasa nika nufi ba. Wagga ta ƙarƙashin ƙafa." Jumare, malamin gari, ya buga diddige a daɓen zauren.

A tsakaninsu wani dutse mai tsini, bai fi ƙwan zabuwa ba, yana rataye da zare daga azara, bakinsa na shafar yashin da aka baza a faifai. Baturen rijiya ne ya rataye shi ranar da aka fara haƙa rijiyar gwamnati a Tungar Na'iya, kudu da Kebbe. Ya taɓa aiki a Kamaru, gindin dutsen nan mai aman wuta, tun daga nan bai ƙara yarda da ƙasa ba. Umarnin da ya bari gajere ne: in dutsen ya ja layi a yashi, a tsayar da haƙa, a aika masa takarda Tambuwal.

Yau da hantsi dutsen ya ja layi. Abin bai kai tsawon karatun Fatiha ba. Ruwa ya yi tangal-tangal a randuna, zabi suka ɗauki kuka, yaɓe ya zubo daga bangon masallaci. Shi ke nan.

Na'iya yana saurayi Turawa suka ƙone garin Satiru kan tawaye, bai kuma manta ba. Ya ce takarda ba ta tashi sama. Sai ta bi hannun masinja da akawu da tafinta, kafin ta isa Sakkwato "ƙasa ta motsa" ta zama tawaye. Daga nan sai soja, sai rawani ya bar kansa. Shekara ashirin da ɗaya yana aika takarda, kowacce da "ƙasa lafiya" take farawa. Haka ya aika shekarar fara, haka shekarar cutar agana.

Jumare ya ce to a sa girgizar ƙasa. Mai gari ya ce girgiza ai ta fi motsi muni. Jumare ya ce ya rubuta da Turanci, tunda ya yi makarantar Midil. Mai gari ya ce hatiminsa ba ya hawa abin da kunnensa bai ji ba. Ban da haka saura kwana tara rangadin Di'o, kuma an riga an faɗa wa Di'on zai sha ruwan rijiyar.

"Share," in ji mai gari.

Jumare ya dubi layin. Tsawon ɗan yatsa ne, ya ɗan lanƙwashe a ƙarshe kamar harafin lam. Ya sa tafin hannu ya shafe. Yashin da sanyi. Sannan ya jawo tawada, ya rubuta ƙasa lafiya.

* * *

Da la'asar ya bi ta bakin rijiyar. Zurfin gaba goma sha huɗu aka yi, siminti ya tsaya a ta tara, daga nan ƙasa ce tsirara. Bube, babban mahaƙi kuma mijin yayarsa Saudatu, yana zaune kan tulin jar ƙasa yana ɓamɓare laka daga gemu.

"Ga mai alƙalami, wanda bai taɓa ɗaukar abin da yaf fi fensir nauyi ba."

"Ga gafiya, ta fito shan iska."

Bube ya yi dariya, ya jawo shi bakin ramin, ya nuna masa wata tsaga a jikin simintin, siririya kamar zaren saƙa. Ya ce jiya babu ita. Ya ce yana ƙasa sa'ad da abin ya faru, ya ji ramin ya yi numfashi.

Jumare ya ce masa ya kwanta gida gobe, ya ce wa mutane cikinsa ke ciwo. Bube ya ce dogarin mai gari ba ya jin ciwon ciki, kuma in bai shiga ba wani za a zura wanda bai san halin ƙasa ba. Sai ya daina murmushi.

"Dutsen Nasara fa? Ya yi rubutu?"

"An aika takarda."

"To madalla. In da wani abu, shi aiko a tsaya."

Ya koma kan gemunsa. Aka kira salla, Jumare ya tafi.

Kwana uku Bube yana duban hanyar Tambuwal kafin ya ɗaura igiya. Ba wanda ya zo. Rana ta huɗu bai duba ba.

Masu jan guga sun ce ƙarar ba ta da yawa, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Ƙura ta taso daga ramin, igiya ta yi nauyi, ta ƙi jawuwa. Sai da aka yi kwana biyu ana tono kafin a kai ga Bube. Yana durƙushe, dagi a hannu.

* * *

Takarda ta biyu ma Jumare ya rubuta. Bayan gaisuwa, ƙasa lafiya. Sai dai wani mahaƙi ya yi ganganci, kwanansa ya ƙare.

Baturen ya zo a kan doki ran Talata. Ya leƙa ramin, ya shiga zaure, ya daɗe tsugune gaban faifan. Yashin sumul. Ta bakin tafinta mai gari ya shaida masa dutsen bai taɓa ko gezau ba. Baturen ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da harshensu, cewa watakila zaren ne ya yi gajarta, laifinsa ne. A zauren nan, ban da tafinta, mutum ɗaya ne ya ji abin da ya ce. Baturen ya yanke zaren, ya jefa dutsen a aljihu. Aka ba shi ƙwai da kaji biyu, ya hau.

Faifan na Saudatu ne, ita ta saƙa shi, aro aka yi. Jumare ya zubar da yashin bayan zaure ya kai mata. Ya same ta a gindin rumbu cikin zanen takaba, tana tace ruwan tafki da tsumma, jan ruwa na ɗiga a kwarya. Ba ta ɗago ba sai da ya ajiye.

"Adda, ga faifanki."

Ta ɗauka, ta juya shi, ta buga a gwiwa. Sauran yashi ya zubo daga saƙar. Ta ce Bube ya ba ta labarin dutsen, yana dariya, wai Nasara ya koya wa dutse boko. Ya ce mata kada ta damu, ƙanenta ne ke karanta shi.

Ta sa yatsa tana tattara yashin a kan zanenta.

"Jumare, ran da randuna sunka yi rawa, mi dutsen yar rubuta?"