Ci Gaban Mumuni

Ƙarar ɓamɓarar ƙusa ce ta katse wa Humu lazimi. Ta ɗaga kai, sai ga rana a tsakiyar ɗaki, ga ƙafar kafinta a inda kwanon rufi yake ɗazu.

Ta fito tsakar gida da mayafinta na takaba. Mumuni, ƙanen marigayi mijinta Zuberu, yana tsaye yana yi wa ma'aikata nuni da makullin mota.

"Mumuni, ban fita takaba ba. Ɗakin yayanka ne wannan."

"Hajiya, ci gaba ne ya zo. Duba unguwar nan ta Ayigya duka, kowa ya yi hostal na haya. Ɗaliban jami'a sun kusa dawowa, mu kaɗai za mu zauna kaman ƙauye? Tafi Asawase gun 'yarka Fa'iza ka ƙarasa can," in ji shi, da Hausarsa ta kudu da ba ta raba mace da namiji.

"A ɗakin miji ake takaba. Ko ita ma ci gaban ya cinye?"

"Ni ban kore ka ba o. Rufi kawai na cire."

*

Kalmar nan "ci gaba" ba ta rabuwa da bakin Mumuni. Da ita ya sare mangwaron tsakar gida, da ita ya rushe murhun da Humu ke dafa wake da shinkafar sayarwa. A bakin Zuberu, ci gaba shi ne yaro ya sauke Alƙur'ani, ko a ƙara ɗaki saboda baƙon da zai sauka daga arewa. A bakin ƙanensa kuwa, da ka ji ta, to wani zai kwashe kayansa.

Humu ta aika wa dattawan masallaci. Suka zo, suka sha lemon Mumuni, suka ba ta haƙuri. Ina za su tsawata, alhali rabinsu su ma ɗalibai suka zuba a gidajensu? Wannan haƙurin ya fi cire rufin ƙona mata rai.

'Yarta Fa'iza ta zo har da tasi, tana kuka.

"Mma, taso mu tafi. Mutumin nan ba shi da imani kraa, ko kaɗan."

"Babanki bai taɓa kunyata ni ba. Hakkinsa na ƙarshe ne, a nan zan sauke shi."

*

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo, ma'aikata suka watse. Ruwa ya sauko kan katifa, kan darduma, kan rigunan Zuberu da ke rataye.

A zaure Humu ta tarar da sabon allon da za a kafa a ƙofar gida, fenti bai gama bushewa ba. Ta jawo shi da ƙyar, ta jingina shi a kusurwar ɗaki, ta shige ƙarƙashinsa da carbinta.

Ruwa yana dukan rubutun da ke bisa kanta: Gidan Ɗalibai na Tunawa da Marigayi Alhaji Zuberu.