Yadda Fasto Ya Rasa Yatsu Biyu

Kofur yana gyaran wata tsohuwar rediyo a rumfarsa lokacin da autar Fasto ta iso. Kwana tara ke nan da binne mahaifinta, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana faston sojoji. Ta gaishe shi, ta gyara sandunansa da ke jingine a benci, ta zauna. Ta ce ranar Lahadi za a yi sujadar tunawa da Baba, ana son tsofaffin abokan aikinsa su yi magana.

"Kawu, kuma ina da tambaya," in ji ta. "Yatsun nan biyu da babu a hannunsa na hagu. Mu dai ce mana ya yi kare ne ya cije shi."

Dariya ta kuɓuce wa Kofur, ta ƙare da tari.

"Bai yi ƙarya ba, 'yata. Ga karen nan a gabanki."

A lokacin yaƙi Kofur ne direban babbar motar da ke kai wa sojoji kaya. Ranar sun ɗauko Fasto, zai je ya binne wasu mutum uku a sansanin gaba. Da rana tsaka motar ta taka nakiya. Kofur bai ji ƙarar ba ma, sai ganin kansa ya yi kwance, mota ta kife, ƙarfen gabanta ya danne masa ƙafar dama. Saje, da ke zaune kusa da shi ɗazu yana tsokanarsa, yana gefe babu rabin fuska. Daga kan tudu harsasai na zubowa, wuta kuma ta kama tamfol tana tahowa wajen tankin mai.

Fasto ba ya riƙe bindiga. Da jan ciki ya iso, yana janye da malamin jinya ta kwalar riga. Sojoji huɗu da suka tsira suka sa kafaɗa su ɗaga motar, harsashi ya sami ɗaya a wuya, jininsa ya feso wa Kofur a ido. Motar ko gezau.

"Ba za ta fita ba, sai an yanke," in ji malamin jinya. "Kuma allurar kashe zafi duk ta farfashe."

"Akwai zarton ƙarfe a akwatin kayan gyara," in ji Fasto. "Ɗauko."

Kofur ya kwarara ihu. "Ku harbe ni! Fasto, don girman Allah ka ce su harbe ni!"

"Waɗanda zan binne yau sun ishe ni. Ba zan ƙara da kai ba."

Kofur ya miƙa hannu ya kamo bindigarsa, yana juya bakinta zuwa haɓarsa. Nan Fasto ya sakar masa naushi, hanci ya fashe. Ya haye ƙirjinsa, ya danne masa hannuwa da gwiwoyi. Aka ɗaure cinyar da bel, aka sa masa guntun ice a baki. Zarto na shiga nama icen ya karye, Kofur ya koma tauna harshensa, jini na komawa maƙogwaro yana shaƙe shi. Sai Fasto ya cusa masa hannu a baki.

Har yau Kofur yana tuna yadda ƙashin ya yi ƙaras tsakanin haƙoransa. Fasto bai zare hannun ba. Addu'a yake yi da ƙarfi, muryarsa tana tsinkewa tana dawowa, zarto na gurzar ƙashi, bayan rigarsa ya fara hayaƙi. Da ƙafar ta rabu suka ja shi cikin kwalbati. Ba su gama shiga ba tankin ya tashi.

"Kin ɗauka na gode masa?" in ji Kofur. "Tsanarsa na yi kamar mutuwata."

Ranar da Fasto ya zo asibiti, hannu a naɗe, da kwanon fitsari Kofur ya jefe shi. Bayan an sallame shi daga soja ya buɗe rumfar nan, Fasto ya riƙa zuwa duk wata. Bai taɓa yi masa wa'azi ba, sai dai ya zauna ya yi ta zancen ƙwallo, Kofur na zagin uwarsa da ubansa. Wata rana Kofur ya wurga masa ƙarfen darma na liƙa wayar rediyo da zafinsa, ya ƙone shi a wuya. Wata na zagayowa sai ga shi ya dawo, ya zauna nesa kaɗan. Shekara shida aka yi haka kafin Kofur ya gaji ya tura masa kofin shayi.

Autar ta goge ido da bakin ɗankwali. "Ka taɓa neman gafararsa?"

"Kullum gobe nake cewa."

Ranar Lahadi ya dogara sandunansa zuwa gaban majami'a. Waɗanda suka riga shi sun yi ta yabon haƙurin marigayi da taushin halinsa. Shi kuwa ya faɗi komai, da naushin da zarton da ƙarfen darman, dattawan ikilisiya na ta gyaran murya. Wata mata ta toshe wa 'yarta kunne.

Da aka tashi, matar Fasto ta tare shi a bakin ƙofa. Bai iya ɗaga kai ba.

"Mama, ki yafe mini."

"Ai na sani tun tuni," ta ce. "Wa kake tsammani ya yi jinyar wuyan nan? Da na gan ka a shekarar, da na ƙarasa ɗaya ƙafar." Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ga yadda ya rame. "Wuce mu tafi gida. Ba ka ci komai ba, da gani."