Kwamfutar da Ke Tashi a PZ Kaɗai

Baba Luka ya tsufa yana buga wa ɗalibai takardu da tafireta a wani ɗan shago a Samaru, daura da ƙofar jami'a. Da kwamfuta ta shigo gari, sai ɗaliban suka riƙa wuce shagonsa suna ɗaga masa hannu kawai. A shekarar nan mutum ɗaya ce ta kawo masa aiki, Modupe, wadda shi ya buga wa yayarta takardun kammala karatu. Ta nuna masa nata rubutun hannun, ta ce malaminta ba ya karɓar bugun tafireta. Idan ranar Juma'a ta zo bai fara ba, dole ta kai wani wuri.

Ya riga ya koyi bugu da kwamfuta a ofishin cocinsu. Ta kansa ce ba shi da ita. Sai ya tafi unguwar 'yan kasuwa ta PZ wajen Ikenna, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu, haifaffen Sabon Gari da Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ikenna ya shimfiɗa kwali a kan tebur, ya ɗora wani faranti kore da yake kira madabod, ya soka masa wannan, ya jona wancan. Fanka ta juya, abin ya yi ƙara tit, rubutu ya fito a monita. Baba Luka ya daɗe yana kallon farantin. Ya ga tituna da unguwanni da rumbuna, kamar wanda ya hau dutsen Kufena yana hango gari.

"Saura gidanta, Baba," in ji Ikenna.

"Gida ina da shi."

Gidan kuwa, ƙaninsa Micah ne ya ƙera, mai yin akwatunan ƙarfe a Jushi. Micah bai san yin abu rabi-rabi ba. Ya lanƙwasa ƙarfe mai kauri, ya huda ramuka inda aka auna masa, ya shafe shi da shuɗin fenti, har da jajayen furanni a gefe irin na akwatin 'yan makarantar kwana. Baba Luka ya kwantar da farantin a ƙasan akwatin, ya ɗaure shi tam da ƙusoshi. Duk rayuwarsa ya san cewa injin da ke motsi a mazauninsa ba ya aikin kirki. Ya jona wayoyi yadda aka nuna masa, ya danna maɓalli.

Fanka ta ɗan motsa kamar mai juyi cikin barci, ta tsaya. Ya sake dannawa. Shiru.

Akwatin ya yi nauyi, don haka washegari ya kwance kayan cikin, ya naɗe su a zanen matarsa Salome, ya hau bas. Aka tsaya a Hanwa, aka tsaya a Kwangila, zufa na bin bayansa. A PZ Ikenna ya baje kayan a kan kwali. Tit. Rubutu ya fito.

"To, ina ciwon? Baba, ko wutarku ta Samaru ce ba ta da ƙarfi?"

Ya ba shi aron sitabilaiza, na'urar daidaita wuta. Baba Luka ya koma, ya ɗaure, ya danna. Shiru. Ya dawo, Ikenna ya canja masa ram, wani siririn abu mai kama da matsefi. Ya sake dawowa, aka canja akwatin da ke raba wuta. Kullum a PZ ta tashi, a Samaru ta mutu. Maƙwabta suka fara ba da shawara. Mai shayi ya ce iska ce, ya san wani shago a layin da ko rediyo ba ta kamawa. Salome ta ce ita dai zanenta take so. Shi kuwa Baba Luka, a cikin bas, ya fara tunanin ko na'ura ma tana sabo da wuri, kamar kyanwar da aka kai sabon gida ta gudu ta koma tsoho. Tunanin ya ɗan yi masa daɗi, sai dai bai rage masa ciwon gwiwa ba.

Ranar Juma'a da safe Ikenna ya gan shi da ƙunshin zane, ya dafe kai.

"Baba, don Allah, na gaji, kai ma ka gaji. Koma ka mayar da ita gidanta, ka ɗauko ta yadda take, da gidan da komai. Kada ka kwance ko ƙusa ɗaya."

Sai da rana ta take sannan ɗan acaɓa ya sauke shi, akwatin a kan cinyarsa, hannayensa sun sage. Ikenna ya dubi furannin, ya dubi tsohon, ya fashe da dariya har ya riƙe tebur.

"Chineke! Baba, kwamfuta ka haɗa ko lefe?"

"Buɗe ka gani, ɗan nema. Aikin Micah ne, ya fi waɗancan gwangwanayen naka."

Ikenna ya buɗe, ya leƙa, dariyar ta tsaya. Ya kwance farantin, ya juya bayansa. Duk ƙananan tsinin dalma ne, cinjim.

"Ka ga waɗannan? Kowanne wuta ke bi ta kansa. Ka kwantar da su a kan ƙarfe, ka matse. Wutar sai ta bi akwatin ta watse. A wajena kwali ne a ƙasa, shi ya sa take tashi. Ka gode Allah ba ta ƙone ba."

"Ashe matsewar ce."

"Ita ce. Wannan ba tafireta ba ce, ba ta son runguma."

'Yan ƙafafun tagulla da ake ɗaga faranti da su ba su shiga ramukan Micah ba. Ikenna ya duba ƙarƙashin tebur, ya jawo wani tsohon silifa, ya yanka shi gutsi-gutsi da reza, ya sa kowane gutsure a ƙarƙashin farantin, daidai wurin ƙusa. Ya ɗaure sama-sama, ya danna. Tit.

Baba Luka bai yi murna yadda ya zata ba. Ya dai zauna a benci ya miƙe ƙafa, yana jin fankar na juyawa.

La'asar ta yi kafin ya isa Samaru. Modupe na zaune a ƙofar shago tare da Salome, jaka a cinyarta.

"Sannu, Baba. Tun azahar nake nan. Rabin aikin na kai wani shago, ban iya jira ba. Ka yi haƙuri."

"Sauran fa?"

"Suna nan. In ta tashi."

Ya ajiye akwatin, ya jona, ya danna. Ta tashi. Modupe ta zaro sauran takardun, ta ja kujera kusa da shi. Ya zauna. Ya buga harafin farko da ƙarfin da ya saba, harafin ya zubo a jere har ƙarshen layi.

"A hankali, Baba," in ji ta.

Ya goge, ya gyara tabarau, ya soma daga farko.